Faɗan Amarya Da Rabin Labari

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai Balkisu gidan mijinta ba, ko da tsufa zai mantar da ni sunayen jikokina. Ni ce gwaggonta, yayar ubanta, kuma a gidanmu na Furfuri ba a fitar da amarya sai gwaggo ta zaunar da ita ta yi mata faɗa. An san ni da wannan aiki. Na iya faɗan da zai sa amarya ta yi kukan da ake so, ta share ido, ta miƙe ta shiga mota ba tare da an ja ta ba.

Sai dai a shekarar akwai abin da ya shiga kaina. Ni ban yi boko da ƙuruciya ba. Sai da na aurar da 'ya'ya sannan na shiga makarantar matan aure a Gusau, ina zama benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana. (Waɗanda suka yi mini dariya a lokacin sun san amsar da suka samu, ba sai na maimaita ba.) Da na fara iya haɗa Turanci, sai na tsinci wani tsohon littafi wajen mai shimfiɗa littattafai a bakin kasuwa, bangonsa ya tafi, Turancinsa mai sauƙi irin na 'yan makaranta. Gajerun labarai ne na ƙagen kimiyya irin na da can: kumbo, taurari, mutanen ƙarfe masu magana. Malamarmu ta ce waɗanda suka rubuta su sun daɗe a ƙasa. Ni kuwa suka kama ni ram. Ina tuyar ƙuliƙuli a gidana na Damba, nan Gusau, littafi na kan cinya, ina bin layi da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Shafi ɗaya sai ya ci mini yini.

Wanda nake kai a lokacin labarin wani sabon ango ne, direban kumbo, da aka aika ya kai irin shuka wata duniya mai nisa. Saboda tsananin gudun kumbon, shi a wajensa shekara ɗaya ce, amma a nan gida shekara arba'in ke wucewa. (Na tambayi malama yadda haka ke yiwuwa. Ta cika allo da zane, na ce na gane don ta huta.)

Ranar biki, ƙanena Malam Sani, uban amarya, ya ja ni gefe.

"Yaya, don Allah ki taƙaita. Tsafe za a kai ta, kin san hanyar nan ba a bin ta da yamma. In la'asar ta yi motoci ba su tashi ba, sai dai dangin ango su koma hannu wofi, ga mutane can sun yi girki suna jira."

"Sani, ni za ka koya wa faɗan amarya? A bayan nan nawa ka yi fitsari."

Ya juya ya tafi abinsa.

Ɗaki ya cika da mata, Balkisu na gabana a lulluɓe. Na fara yadda na saba: haƙuri, tsafta, riƙe sirrin miji. Da na tsaya nan da na fita da mutuncina. Sai zuciya ta raɗa mini cewa yau ce ranar da dangi za su san kuɗin makarantata bai tafi a banza ba. Na gyara murya na ce, "Bari in ba ki misalin haƙuri daga cikin littafi."

"Iye! Gwaggo 'yar boko!" in ji wata daga baya.

Na shiga labarin direban kumbo. Kafin in ankara na miƙe tsaye, faifai a hannuna shi ne kumbo, randar ruwa ita ce duniya. Ɗaki ya yi tsit, har mai goyo ta daina jijjiga. Daga waje direbobi suna ta danna oda, ni kuwa ina can tsakanin taurari. Na dawo da mutumin wannan duniya tamu, na saukar da shi, ya ruga unguwarsu, ya tarar an sake mata fasali. Ya gane ƙofar gidansa, ya tura, ya ga ciyawa ta cinye tsakar gida, ya ƙwala wa matarsa kira...

Na tsaya, baki buɗe.

"Sai mi, Gwaggo?" in ji uwar amarya.

A nan na tuna cewa daidai nan yatsana ya tsaya. Nan na ninke shafin na ajiye a Damba, na shiga hidimar biki. Ban san abin da ke bayan ƙofar nan ba, kamar yadda su ma ba su sani ba.

Kuma sai a lokacin na tuna sana'ar angon. Direban tankar mai ne, mai zuwa Fatakwal, in ya tafi sai an gan shi.

Balkisu ta tuna kafin ni. Ta yaye lulluɓi ta rushe da kuka, ba irin kukan da ake so ba, na gaske, ta rungume ƙafar gado.

"Wallahi ba ni zuwa! Haka za ya tafi shi bar ni in tsufa, ciyawa ta fito min a gida!"

"Ke, tanka ai ba kumbo ba ce!" na daka mata tsawa. Kuka ya ƙaru.

Uwarta ta dube ni ta ce, "Yaya, faɗa anka ce ki yi mata, ba duba ba."

Ana cikin haka labule ya ɗaga, Hajiya Asabe ta shigo. Ita ce babbar gwaggon ango, jagorar masu ɗaukar amarya daga Tsafe, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, irin matan da in suka kalle ka ta saman tabarau sai ka tuna laifin da ka yi bara. Ta same ni kallabi ya zame, faifai a sama, amarya na birgima.

"Amarya munka zo ɗauka, ko wasan kwaikwayo anka gayyace mu?"

Wata mai bakin magana ta zayyana mata komai. Na so ƙasa ta tsage. Hajiya ta juyo gare ni.

"Wanda ya kai irin shuka? Direban kumbo?"

Na gyaɗa kai.

"To ƙarasa mana."

Ni da ban taɓa sunkuyar da kai ga mace ba, na ce a hankali, "Ban kai ƙarshe ba, Hajiya."

Ɗaki ya ɗauki dariya, irin wadda ake riƙe ciki. Wata har da tafi. Hajiya ba ta yi ba. Ta miƙa wa wata jakarta, ta zauna a bakin gado kusa da Balkisu.

"Ɗiyata, saurara ki ji. Gidan ya zama kango ne don matar ba ta zauna kallon ƙofa ba. Da ya tafi, sai ta je ta koyi aikin hasumiyar da ke saukar da kumbo. Da za ya sauka, akwai muryar wata tsohuwa da ta yi ta ce mishi yi dama, yi hagu, har ya taɓa ƙasa lafiya. Maƙwabta sunka ce mishi, ai matarka ce. Ya koma da gudu, ya same ta da furfura, ma'aikata na rusuna mata. Ta dube shi ta ce, ka makara, tuwo ya huce."

Balkisu ta yi dariya cikin hawaye. Hajiya ta ce, "Miji za ya yi tafiya, ke kuma ki nemi abin yi. Tashi mu je." Yarinya ta saki ƙafar gado ta miƙe. Aka rangaɗa guɗa, motoci suka tashi ba a kira la'asar ba. Malam Sani ya wuce ni a zaure ko kallona bai yi ba, abin da ya fi zagi ciwo.

Na koma Damba na buɗe shafin da na ninke, na rantse ba ni ba hutu sai na ga ƙarshensa da idona. Na yi ta bin layi, kalmar da ta gagara in kai wa malama. Ranar da na kai ƙarshe, ƙuliƙuli ya ƙone a kasko. Babu hasumiya, babu tuwo. Matar ta rasu tun da daɗewa, mutumin ya nemi kabarinta, ya shuka ragowar irin da ya dawo da shi a gefensa. Na yi kuka na ƙoshi, sannan haushi ya taso. Na yafa mayafi na shiga motar Tsafe.

Ko gaisuwa ban gama ba na ce, "Hajiya, ƙarya kinka yi!"

Ta cire tabarau tana dariya. "To so kike in kashe matar a gaban amarya? Tun ina 'yar kwaleji nake karanta labarin nan. Duk shekara sai na koma mishi, duk shekara sai marubucin nan ya kashe ta, duk shekara sai na ji haushinshi. Ranar dai Allah ya ba ni dama na rama mata." Sai ta tsaya ta ƙare mini kallo. "Tsaya. Ke da kanki kinka karanta har ƙarshe?"

Na ɗaga mata yatsa. "Da wannan."

Tsohuwar nan ta toshe hanci ta rangaɗa mini guɗa, ni kaɗai, a tsakar gidanta, har kaji suka watse. Ta ja ni ɗaki ta buɗe wata tsohuwar adaka cike da irin littattafan, wasu har sun yi ja don tsufa. Ta ce rabonta da samun wanda za ta yi musu da shi a kansu tun tana aiki. Na koma Gusau da uku a jaka, ina zaune a mota kamar wadda ta ci zaɓe. Har yau direbobin tasha ke kai mana da kawowa, in na gama ɗaya in kira ta mu yi ta faɗa kan wanda ya kamata ya mutu da wanda bai kamata ba.

Dangi kuwa ba su karɓe mini aikina ba, sai dai in na ce zan ba da misali, wata kan tambaya, "Gwaggo, kin dai kai ƙarshe?" Na kai. Yanzu ba na hawa nasiha da labari sai na leƙa shafinsa na ƙarshe, in kuma na ga marubucin ya kashe wani, sai in sa a kirawo mini Hajiya.