Jan Tambari Mai Lamba Sha Takwas

Shekarar da aka jona mana intanet a biro, wato ofishinmu, ni ne masanin ordinater, wato kwamfuta, na duk unguwarmu a Diffa, ko dai haka nake gaya wa mutane. Wata Asabar da hantsi na kwashi ɗiyata Fanna da tagwayen maƙwabcina Ajidan, sojan da ko gaisuwarsa tsoro take ba ni, na ce su zo biro su ga wasan zamani.

Wasan da na zaɓo yana da jan tambari, an rubuta 18 a ciki.

"Baba, mene ne wannan?" in ji Fanna.

"Matakan wasan ne, goma sha takwas. Yau za mu gama su duka."

Na ƙure sauti, na danna. Wani lungu mai duhu ya bayyana, ana jin numfashi a ciki. Gabana ya faɗi, amma na dake. Sai wata gawa marar muƙamuƙi ta faɗo kan gilashin da ihu.

Ban san lokacin da na kai bakin titi ba, takalmi ɗaya a ƙafa. Yaran kuwa na baro su ciki da gawar, suna kururuwa.

Da yamma Ajidan ya buga ƙofata, don tagwayensa sun ƙi shiga ɗaki su kaɗai. Na fito. Ya kalle ni sama da ƙasa.

"Lambar nan shekaru ce, Malam. Kuma na ji kai ma naka ba su kai ba."

Har yau, in na je kallon ƙwallo gidansa, sai ya tare ƙofa ya miƙo hannu: "Takardar haihuwa tukuna."