Wufar Baba da Kunnen Mijin Yaya

"Ni fa kunnena ba irin naku ba ne," in ji mijin Yaya. "Sauro in ya yi tari a bayan gida, sai in faɗa maka ko mura ce ko ƙwarewa ya yi."

To ka ji mutumin. Mu a gida Mai Kunne muke ce masa, shi kuma ya ɗauka sarauta ce.

Babanmu yana da tsofaffin sifikoki biyu na katako, sun girme ni, da abokiyar tafiyarsu, wata ƙatuwar wufa, akwatin nan mai fitar da amo mai kauri da kake ji har a ƙirji. Wufar ta yi shiru. Baba ya ce zai kira mai gyara, in ta tashi kuma ya ba da su duka ga wanda ya san darajarsu a cikinmu. Mai Kunne ya shekara biyar yana haɗiyar yawu a kansu.

"Mai gyara kuma, Baba? Ina raye? A ba ni minti goma, kowa ya fita."

Kowa ya fita, ni na laɓe a taga.

Gogan ya cire ragar gaban wufar, ya ga ƙura ta kwanta a kan takardar da ke motsawa in ana kiɗa. Sai ya samo tsumma da ruwan sabulu ya hau dirza kamar mai wankin tukunya. Takarda ta sha ruwa ta yi laushi, yatsansa ya burma ciki har gindi. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya mayar da raga ya rufe.

Can ya hango wata kafa zagayayya a ƙasan akwatin, wadda masu ƙira suka yi don iska ta riƙa fita.

"Ɓarnar ɓera," in ji shehin malamin. Ya tuɓe safarsa ya cusa a ciki.

Ya kira mu falo, ya ɗora faifai. Ƙananan sifikokin suka ɗauki kiɗa tangaram, wufa kuwa ko uffan. Gumi ya fara tsattsafo masa. Ana haka sai wani gurnani mai kauri ya cika ɗakin, har kofunan kan kabad suna rawa.

Wallahi ka ga yadda ya kumbura. Ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Kun ji? Wannan zurfin ba a ƙera irinsa yanzu. Baba, saurari can ƙasa-ƙasa, har numfashin makaɗin nake ji."

"Ikon Allah," in ji Baba.

"Ai sai mai kunne. Ku kiɗa kuke ji, ni ruhinsa nake ji."

Nan Mama ta shigo da dutsen guga, tana neman inda za ta jona. Ta miƙa hannu bayan labule ta zare wayar tsohon firij ɗinmu. Gurnani ya ɗauke ɗif, da zurfin, da numfashin makaɗin, da ruhin.

Baba ya miƙe a hankali ya zagaya bayan wufar. Ya ɗago wayarta, ashe ko jona ta ba a yi ba, dama tun ranar shara ta fita. Ya cire raga ya daɗe yana kallon ɓurmar, har na ji tausayinsa. Sannan ya zaro safa da yatsu biyu.

"Wannan ta wane ne?"

Duk muka kalli ƙafafun Mai Kunne, ɗaya da safa, ɗaya tsirara. Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Sifikoki dai suna nan inda suke," in ji Baba. "Amma ba za ka tafi hannu rabbana ba, ɗana. Wata uku firij ɗin nan yana hana mu sakat da ƙara, ba mu taɓa samun wanda ya fahimce shi kamarka ba. Ɗauki abinka ka je gida ka yi ta saurare."