Kumfar Kunun Baƙi

"Ke kika ce in ja har ya fito."

"Murfin nake nufi, Yaya Mati."

"Zobe kika nuna min. Ga shi ya fito."

Ya miƙo min zoben gwangwanin kifi a tafin hannunsa, gwangwanin kuwa yana nan a rufe ruf. Mu uku ne a gidan: Inna, ni Ladidi, da wana Mati, wanda in ka ce masa zauna, to ka tuna ka ce masa tashi. A satin ne gwaggonnin saurayina Sagiru za su zo ganin hannuna a girki, ni kuma na riga na cika baki har bakin rijiya. Kifin nan dai da wuƙa da muciya na buɗe shi, rabin man a zanina.

Wata rana na ciji ledar gishiri, don inda aka yi wa alamar yagewa ya ƙi yaguwa. Ta buɗe, amma ba a yi ta don rufewa ba. Na ce, "Yaya, riƙe bakin nan kada damshi ya shiga, ina zuwa." Na shiga maƙwabta ina kwaikwaya musu tafiyar babbar gwaggon Sagiru, na manta da shi shaf. Bayan la'asar liman ya aiko tambaya ko lafiya, wai an ga Mati a sahu da ledar gishiri, yana sujada da hannu ɗaya. Inna ta dube ni, da muryar nan tata ta hanci: "Shi dai an san nasa. Ke fa?"

Wata rana kuma, ranar baƙin ke nan, na dama kunun gyaɗa. Na ce bari in burge su da madarar gari. Na zaro shuɗiyar leda daga kwando, na cije, na juye, hankalina yana kan gwada durƙuson gaisuwa. Na ce, "Yaya, in kumfa ta taso, ka kwashe ka zubar." Na tafi sa kwalli.

Na dawo na tarar da tukunya wayam.

"Ina kunun?"

"Ina kwashewa tana tasowa. Amma na ci ƙarfinta."

Na ɗora hannu a ka, ga sallamar baƙi daga zaure. Inna ta sunkuya ta shinshina kwata, ta tsinci ledar da na yar, ta kai min hanci. Garin sabulun wanki ne. Shi da madarar launinsu ɗaya, girmansu ɗaya, har igiya ɗaya aka rataye su a shago.

"Da kin wanke wa dangin miji hanji tun ba a ɗaura ba," in ji Inna.

Na rage murya na ce, "To yanzu me zan kai musu?"

Mati ya leƙa tukunyar, ya shafa gefenta da yatsa.

"Kai musu ita haka. Ba ta taɓa yin wannan hasken ba."