Yaƙin Malam Lawandi da Rundunar Masu Sallama

Da sunan Mai kowa Mai komai muke buɗe wannan babi, domin ambaton gwarzon da tarihi ya so ya manta: Malam Lawandi ɗan Barau, jikan Na'iya marini, tattaɓa-kunnen bawan Allahn nan da ya tsaya gaida mutanen kasuwa ɗaya bayan ɗaya har kasuwa ta watse bai sayi gishirin da ya kai shi ba. Shi ne bajimin allo, macinyin alli, dodon masu gyangyaɗi, shaihin labarin ƙasa a Kwalejin Horon Malamai ta Tudun Gawo, wanda tun da ya yi wayo ba a taɓa yi masa sallama ta faɗi ƙasa ba.

Bayan haka, a shekarar da annoba ta sauka aka garƙame ƙofofi, kwaleji ta yi abin a yaba mata. Ta raba wa ɗalibai data, ta ba marasa waya aron waya, ta shelanta cewa karatu ya koma intanet. Sai Malam ya zuba babbar riga, ya kafa hula, ya jingina wayarsa da gwangwanin madara, ya ja daga yana jiran maƙiyi.

Maƙiyin kuwa ba kowa ba ne illa tarbiyya. Duk ɗalibin da ya shigo sai ya buɗe murya ya yi sallama, Malam kuma sai ya amsa, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi zaman kulle, ya ba da saƙon gaisuwa ga tsofaffi. Bitrus ya shigo da barka da asuba, shi ma a ba shi haƙƙinsa cif. Kafin a sallami sahun farko, sabis ya yi wurgi da rabinsu waje, su kuwa 'ya'yan mutunci ne, ba sa komowa haka kawai kamar awaki, sai da sabuwar sallama. Saratu kaɗai, wadda ba ta samun sabis sai ta hau kan rumbun babanta, takan shigo ta fita har Malam ya san lafiyar kowa a gidansu, har da jakin.

Makonni suka shuɗe, darasin ƙarshe, wato zaizayar ƙasa, bai wuce sunansa ba. Sai shugabar sashe, Dokta Uwani, ta aiko da wa'adi mai ɗaci: in bai kammala ranar Alhamis ba, za a miƙa kwas ɗin ga Malam Nafi'u, yaron da shi Malam Lawandi ya koyar da hannunsa, wanda ke amsa gaisuwar manya da hoton babban yatsa. Wannan magana ta soki Malam har zuci, don ya fi ƙaunar kwas ɗin nan a kan gonarsa ta gado.

Ranar Alhamis rana ta fito, runduna ta yi sahu, Dokta Uwani ta laɓe a cikinsu tana saurare. Kafin wani ya buɗe baki, sai sadaukin ya gyara murya, ya zare makamin da ya yi kwanaki yana wasawa, ya yi kururuwar yaƙi:

"Wa alaikumus salamu! Na amsa ta wanda ya shigo, na amsa ta wanda zai shigo, na amsa ta wanda sabis zai jefar ya dawo. Ina gaida iyayenku baki ɗaya. Saratu, a gaida jaki."

Aji ya yi tsit. Masu tarihi sun ce ba a taɓa ganin nasara irin wannan ba tun da aka kafa kwalejin. Malam ya kutsa cikin zaizayar ƙasa kamar ambaliya, ya ratsa kwazazzabai, ya tumbuke itatuwa, ya kwashe ƙasar noma ya zuba a kogi, ɗalibai na shiga suna fita shiru kamar ɓarayi, har ya hango ƙarshen darasi yana ɗago masa hannu.

A nan ne sabis, maci amana, ya yi wurgi da shi kansa.

Ya miƙe, ya ɗaga waya sama, ya zagaya tsakar gida, hula ta faɗi bai waiwaya ba, har Allah ya mayar da shi fagen fama. Da ya ga fuskokin jama'a, harshen da ya gada daga kakanni ya riga hankalinsa.

"Salamu alaikum," in ji shi.

Tasa sallamar kuwa ba ta cikin waɗanda aka riga aka amsa tun da wuri. Aji duka ya buɗe murya. Wannan na sannu da dawowa, wancan na tambayar ya hanya, ita kanta Dokta Uwani sai da ta amsa, tun da wajibi ne. Malam ya dubi agogo, ya dubi zaizayar ƙasa, ya yi ajiyar zuciya, ya fara bin su da suna ɗaya bayan ɗaya har lokaci ya ƙare.

An ba Malam Nafi'u kwas. Amma kwaleji ba ta wulaƙanta gwarzonta ba: ta naɗa shi ya riƙa zama a ajin yana amsa sallama, don yaron ya samu ya koyar.