Rasuwar Baturiyar Motar Alhaji Maje

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da haƙurin da ya zama dole, Alhaji Maje na Fagge, dilan atamfa a Kantin Kwari, yake sanar da 'yan uwa, abokan arziki da maƙwabtan shago rasuwar abar ƙaunarsa, na'urar nuna hanya da ke manne a gilashin motarsa, wadda 'yan boko ke kira Jifiyas, mutanen gida kuma ke kira Baturiya saboda muryarta. Ta cika ranar Lahadin da ta wuce, bayan gajeriyar jinya a cikin bokitin zoɓo.

Marigayiya ta shigo Kano ne daga Dubai, a jakar Alhaji, a wata tafiyar sarin kaya. Boniface, mai gyaran wayoyin mota a Sabon Gari, shi ya ɗora ta a kan karaga. Ya goge gilashi da gefen rigarsa, ya lashi robar manne, ya danna ta da ƙarfi, ya soka wayarta a ramin kunna sigari, sannan ya ce, "Alhaji, daga yau ka fi ƙarfin ɓata." Alhaji Maje, wanda a Fagge aka haife shi, a Fagge aka yi masa kaciya, bai taɓa ɓata a Fagge ba sai bayan wannan addu'a.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da natsuwa. Ba ta fara aikin safe sai ta gama neman taurarin ɗan'adam ɗaya bayan ɗaya, Alhaji kuwa yana zaune cikin gumi yana jiran izininta, don ya tafi shagon da a ƙafa ma da tuni ya buɗe. Tana da tawali'u, domin da zarar ranar bazara ta gasa gilashi, sai robar ta saki, ta sauko da kanta ta kwanta a ƙafafun fasinja. Ga riƙon tarihi. Kanon da ta sani ita ce ta kafin a gina gadojin sama, don haka duk lokacin da Alhaji ya hau gada, sai ta nuna motar tana shawagi a fili, ta ce cikin ladabi, "Mek e yu-tan." Fagge a bakinta Fej ce. Layin da 'yan dako da manyan motoci suka toshe tun asuba, a idonta titi ne fetal. Amma babbar baiwarta, wadda Alhaji ba ya iya ambata ba tare da idonsa ya kawo ruwa ba, ita ce ba a taɓa jin ta ce ba ta sani ba.

Ajali ya same ta a bakin aiki, a hidimar zumunci. Ƙanin Alhaji, Hamzat, zai auri wata yarinya mai suna Jawahir a Kwaciri, aka ɗora wa Alhaji kai lefe, shi da bai taɓa taka gidan ba. Masu rakiyar akwatuna su ne Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifinsu, da mata biyu da suka zo tare da ita daga Gumel, waɗanda su ma ba su san kowa a gidan amarya ba. Hamzat ya so ya haɗa su da ɗan jagora. Alhaji ya yi murmushin masu ilimi, ya ce ya turo masa lambobin wurin kawai ta waya. Masu yaɗa cewa babban yatsan Alhaji ne ya danna wata lamba a madadin wata, Alhaji ya yafe musu, saboda ba lokacin tone-tone ba ne.

Marigayiya ta ja su suka miƙe titin Katsina, ta ce "Tan lef," ta ce "Tan rait," ta kutsa da su wani lungu a Rijiyar Lemo, sannan ta sanar da murya mai daɗi, "Yu haf arayib." Ga gida an share ƙofarsa, ga mata sun ci ado suna leƙe. Kafin Alhaji ya kashe mota guɗa ta tashi. Aka shige da akwati shida, aka buɗe, aka ɗaga leshi da shadda, aka feshe tsakar gida da turaren amarya. Da uwar gidan ta ce Afra ta tafi kitso, Gwaggo ta ɗauka sunan gida ne ake kiran Jawahir da shi. Aka fito musu da tukuici: soyayyun kaji, dubulan, da zoɓo mai sanyi cike da bokiti.

Alhaji yana cikin mota, cinyar kaza a hannu, yana shafa kan marigayiya da ɗan yatsa, sai Hamzat ya kira.

"Yaya, kuna ina ne? Mutane sun gaji da jira."

"Wane jira? Har an buɗe akwati, yaro."

Hamzat ya ce, "A wane gida?"

A daidai nan adaidaita sahu ta tsaya a bayan motar, wasu mata suka fito da akwati biyu, suna tambaya ko nan ne gidan su Afra.

Abin da ya biyo baya, iyalai uku ne za su iya ba da labarinsa, kuma kowanne da irin nasa. Mutanen gidan da suka ga shida suka ga biyu, sai suka fara shakkar ko masu akwati biyun ne suka yi ɓatan kai. Wata inna ta rantse ba ta ga sarƙa ba, alhali tana wuyanta. Sai da mai unguwa ya bar cin abincinsa ya zo, sannan akwatunan suka koma but ɗin mota, turare ya ragu, takalmi ɗaya ya buɗe baki. Kajin tukuici kam ba su koma ba. Zoɓon ma Gwaggo ta ce ba za ta mayar ba, ladan muryar da ta kashe a rigimar ne, ta ajiye shi tsakanin ƙafafunta a kujerar gaba.

A can Kwaciri kuwa, mahaifiyar Jawahir ta sallami baƙinta da la'asar, ta aiko cewa idan raini ne a faɗa mata tun yanzu, 'yarta ba ta rasa masoya ba.

Motar ta kama hanyar Kwaciri. Hamzat yana kwatance ta waya. Alhaji ya juya inda ƙaninsa ya ce, ba inda marigayiya ta ce ba, karo na farko tun zuwanta ƙasar nan. Ita kuwa, cikin haƙurin da aka san ta da shi, ta ce, "Rikalkuletin."

Gwaggo ta ce, "Maje, me ta ce?"

"Wai tana sake lissafi, Gwaggo."

"To, bari ta yi shi a cikin sanyi."

Ta miƙa hannu ta cizge ta daga jikin roba, ta tsoma a bokiti, ta mayar da murfi. Waɗanda ke kujerar baya sun shaida cewa marigayiya ta ƙara cewa "Tan" sau ɗaya daga ƙarƙashin zoɓo, ba ta kai ga faɗin hagu ko dama ba. Washegari Boniface ya buɗe cikinta, ya binne ta a shinkafa, ya busa mata iska, daga ƙarshe ya cire hularsa ya ce, "Alhaji, sai haƙuri. Suga ya yi mata yawa."

Ta rasu ta bar robar manne, wadda tun ranar ta kafe a gilashi ta ƙi fita, abin da ba ta taɓa yi ba a zamanin marigayiya. Ta bar wayar caji, da kwalinta, da littafin bayani mai harsuna da yawa babu Hausa a ciki. Ta kuma bar Hamzat, wanda dattawa suka yi sawu biyu a Kwaciri kafin a ceto aurensa, kuma har yanzu gaisuwa kawai ke haɗa shi da yayansa.

Malamai sun tabbatar babu buƙatar wanka ko salla. Za a miƙa gawar ga 'yan gwangwan, masu sayen tsoffin ƙarafa, ranar Alhamis da hantsi, a ƙofar shagon Boniface da ke Sabon Gari. Alhaji zai karɓi ta'aziyya a shagonsa na Kwari, ana roƙon masu zuwa kada su kawo zoɓo. Gwaggo Kande ta ba da uzurin ba za ta samu halarta ba, amma ta ce idan marigayiya tana da ƙanwa a Dubai, a shaida mata tana nan Kano har bayan biki.

Ɗaurin aure yana nan ranar Asabar kamar yadda aka sa. A jerin motocin kai amarya, iyalan ɓangarorin biyu sun amince da murya ɗaya cewa motar Alhaji Maje ce ta ƙarshe, ita za ta ɗauko kujeru.