Yadda Za Ki Wanke Sunan Mijinki da Tsohon Injin Kwalekwale

Magana ta zaga dangi cewa ɗan injin kwalekwalen da marigayi maigidana ya bari bai taɓa tashi ba, wai duk labarin kamun kifinsa a Kogin Gurara shaci-faɗi ne. Ƙanwarsa Bara'atu ce ta ƙirƙiro ta, har ta yi wa 'yan jari-bola alkawarin ƙarfen. Ni kuwa kimiyya na koyar a Gwagwalada har na yi ritaya, ba na karɓar zance sai na gwada. Ki bi matakan nan, na lamunce miki injin zai tashi a gaban shaidu.

1. Gayyato mai zancen

Kada ki yi gwaji ke kaɗai. Ki kira Bara'atu ta zo daga unguwarsu ta Lugbe, ki ajiye mata kujera a inuwa, ki ba ta zoɓo mai sanyi. Za ta ce, "Yaya, da kin bar wahalar da kanki. Abin nan ko a zamanin Alhaji ado ne." Ki yi murmushi irin na wadda ta yi karatu.

2. Nemo hannu mai ƙarfi

Injin ba shi da makulli, igiya ake fizga. Kafaɗarki ta wuce wannan. Ki roƙi maƙwabcinki Solomon, tsohon akawu, wanda bai san komai game da inji ba. Wannan shi ne amfaninsa: ba zai yi miki gardama ba.

3. Shayar da shi

Ki gauraya fetur da ɗan baƙin mai, ki goge filogi. Sannan ki maƙala injin a bakin duro, farfela tana ciki, ki sa mai kura ya juye jarkokinsa har ruwa ya rufe ƙasan injin. Zuciyarki za ta yi zafi. A unguwar da famfo ya zama kayan tarihi, ba ƙaramin abu ba ne ki ba ƙarfe ruwan wankin sati. Ki daure.

4. Ji daɗin nasara

Solomon zai yi ta ja har ya jiƙe da gumi, yana cewa, "Hajiya, wannan injin ta gaji fa." Sai kuma injin ya yi tari, ya kama. Shuɗin hayaƙi zai cika tsakar gida, kaji su watse. Ki juya a hankali ki dubi Bara'atu. Mai hankali a nan take tsayawa ta kashe inji, ta ɗora abinci. Ke ki ci gaba.

5. Gano aibin da babu wanda ya gani

Ki matso da tabarau. Za ki ga ruwa yana tsartuwa daga wata 'yar ƙofa a gefen inji, yana zuba a ƙasa, ba ma cikin duron ba. Ruwan da kika saya. Ki ce da babbar murya, "Yoyo yake yi." Ki karyo tsinke, ki naɗe shi da leda, ki cusa a ƙofar kamar yadda kike yi wa bokitin wanka, ki bi da sabulu.

Solomon zai ce, "Kai, Hajiya, makaranta ba ƙarya ba ne."

6. Yi bayani

Yanzu ki juya wa injin baya, ki yi wa Bara'atu lacca a kan yadda mutanen da can suke ƙera abu mai ƙarko. Idan kika ji ƙaurin fenti, ki ce tsufa ne. Idan ƙarar ta canza, ki ɗaga murya. Injin zai yi wani ƙugi, ya yi tsit. Solomon zai kama igiya da hannu biyu, ta ƙi motsi.

Bara'atu za ta shanye zoɓonta, ta ce, "To Yaya, na yarda ya tashi. 'Yan jari-bolar su zo gobe ko jibi?"

Gargaɗi

Wadda ta bi wannan tsari ta ƙone dukiyar gado, babu ruwana, babu ruwan makarantar da ta horar da ni.

Bayan sun tafi na kwance injin a kan tabarma. Akwai ɗan famfo kusa da farfela, yana zuƙo ruwa, ya tura shi sama ya zagaye kan injin, ya kwashe zafi, ya fita ta wannan ƙofa. Ita kaɗai ce mafitarsa. Injin lafiyarsa ƙalau, ni na toshe shi.