Ranar da Na Hura Na'urar Majo

Wata uku ina shelar na bar sigari, har matata Hadiza ta toya waina ta raba sadaka. Gaskiyar kuwa, kullum da safe kara ɗaya nake sha a bayan rumbu, in tauna goro in kashe warin.

Ranar kasuwar Dungas masu binciken cutar taba suka zo. Majo, ma'aikacin jinyar gidan likita, ya tara jama'a, ya ɗaga wata 'yar na'ura, wai in mai shan sigari ya hura ta, jar wuta za ta kama. Na yi dariya a raina. Warin da hancin Hadiza ya kasa ji, ƙarfe ne zai ji?

"Majo, miƙo nan," na ce. "Bari samari su ga ƙirjin wanda ya tuba."

Na gyara hula, na hura iya ƙarfina. Abin ya yi ja, har da ƙara.

"Ta lalace," na ce.

Surukina, mahaifin Hadiza, ya karɓa ya hura, ta nuna kore. Ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Na sake hurawa, ja.

Hadiza ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Tarin da sigari ta sa mini yana nan, ni ma ina nan a bayan rumbu, yanzu kara biyar.

Shekara biyu ke nan. Duk sanda na ratsa tasha, sai 'yan kabu-kabu su taka birki gaba ɗaya: "Ku tsaya, Jar Wuta zai wuce!"